Fuskar Gwaggo a Bangon Littafi

"Wato ni fuskata ce ba ta zanuwa ke nan?" in ji Inna, tana kaɗa sabon littafin a hancin autanta.

"Haba Inna, wa ya ce haka?"

"Bangon nan ya ce! Ga wushiryarta, ga wannan hanci nata kamar murfin buta. Ni na yi naƙudarka ko ita?"

Auta dai zane ne sana'arsa. Masu buga littattafan yara su aiko masa da labari, shi kuma ya yi masa hotuna a ɗan ɗakin nan nasa mai warin fenti, inda burushi ke kwana cikin kofin shayi. Mutanen gida yake kwaikwaya. To duk labarin da aka ce akwai tsohuwar kirki, sai ka ga Gwaggo, ƙanwar babansa, ta fito tana murmushi. Har maƙwabta sun fara ce mata Ta Littafi, ita kuwa tana amsawa da wata yanga. Abin nan ya tsaya wa Inna a maƙoshi.

Ba don ba ta gwada ba. Ta sha cin ado ta zo ta zauna masa a kujera, wuya a miƙe, baki a tsuke, ko ƙiftawa ba ta yi. Zanen ya fito kamar hoton katin asibiti.

"Inna, ni ba na iya zana wanda ya san ana zana shi. Gwaggo shigowa take ta yi ta surutu har gyangyaɗi ya ɗebe ta, ta manta da ni."

"Au, barci ne gwanintar? Uwarka da ba ta zauna ba tun asuba ita ce mai laifi?"

Tana faɗa tana nuni, ɗankwali ya zame gefe, hannu ɗaya a ƙugu. Can ta lura idonsa na kanta, amma hannunsa na ta gudu a kan takarda. Daɗi ya kama ta. Ta ƙara murya, ta jawo laifin Gwaggo na shekarun baya, duk don kada fensirin ya tsaya.

"Alhamdu lillahi! Sati guda ina neman wannan tsayuwar," in ji shi. "Ke ce bangon littafi na gaba."

Ta fizge takardar. Ga ɗaurin ɗankwalinta, ga girarta, ga hararar nan da babansa ke tsoro. Sai dai duk a jikin kaza suke, ta buɗe fukafukai, baki wangame.

"Kaza?"

"Ita ce jarumar labarin fa, Inna. Shaho take kora don 'ya'yanta."

"Gwaggonka mutum, ni mai ƙwai."

"Wallahi ban taɓa zane mai rai kamar..."

"Ka kai mata ta soya!"

Ta cusa takardar a haɓar zaninta, ta fice, ta bugo ƙofar har kofin burushin ya kife.