Makunnin Bayan Talabijin

Alhaji Mahmudu yana da ɗaki tara a gidansa na Nassarawa GRA, a ɗaya yake kwana. Sauran an rufe su tun da matarsa Hajiya Safiya ta rasu, shekara biyu ke nan. 'Ya'yansa huɗu, shi da kansa ya sa su a jirgi ɗaya bayan ɗaya, yana alfahari a cikin abokai. Haka manyanmu suke: su tura ɗa inda ƙafa ba ta zuwa, in tsufa ya zo su ce yaran zamani ba su da zumunci.

Mazan uku sai da salla ake jin muryarsu. Nabiha, autar, ita ce mai kira kullum. Tana aikin harhaɗa magunguna a Kanada, hutun cin abincinta na rana yakan faɗo dab da magariba a Kano. Sai ta jingina waya a jikin kofi, tana ci tana ba shi labari, shi kuma yana kallonta daga kujerar ɗakinsa da ke ƙarshen baranda, ƙafarsa mai ciwo a kan matashi. Rabin awan nan shi ne yininsa. Sauran sa'o'in jira ne.

Amma ba ya samun rabin awan. Hira tana fara daɗi sai fuskarta ta daskare, baki a buɗe, sannan ta ɓace. Gidan tsohon gini ne mai kaurin bango, sabis ɗin waya ba ya ɗaukar bidiyo a ciki, sai da wayifai. Kafin wayifai ɗin ya dawo, ta koma bakin aiki.

“Abba, in surutuna ne ya ishe ka, faɗa min,” in ji ta wata rana. Da dariya ta faɗa. Washegari ba ta kira ba. Daga nan kiran ya koma na tsallaken kwana.

Kamfanin da ya sa masa wayifai ɗin ya turo ma'aikacinsa, Fabiyan, mutumin Zonkwa. Sau biyu yana zuwa, duka biyun da hantsi. Ya hau tsani ya bi waya tun daga kan katanga, ya canja akwatin wayifai da ke falo kusa da talabijin, ya gwada, komai lafiya.

“Ranka ya daɗe, wannan layi ya fi ni lafiya.”

“To ni ne maƙaryacin?”

“Haba Baba, wane ni! Amma likita ba ya ganin zazzaɓin da ba ya zuwa sai ya tafi. Ga abin da za ka yi min. Lokacin da yake yankewa, zauna nan ka dubi fitilun akwatin. In sun yi ja, laifinmu ne. In sun mutu gaba ɗaya, wuta ce, a gidanka matsalar take.”

Alhaji ya yi tsaki. Gidan da ke kan sola dare da rana, ina wuta za ta je? Mutum ne da ya saba ba da umarni, bai saba a ba shi ba, saboda haka sai da ya ɓata mako guda kafin ya bi maganar. Ranar Talata da yamma ya dogara sanda ya zo falo, wurin da ya ƙaurace wa tun bayan zaman makoki. Ya zauna ya zuba wa ƙananan fitilun ido. Huɗu ne, duk kore. Wayarsa tana kan cinya, ba ta yi ƙara ba.

Ladanin masallacin layinsu ya ɗaga murya. Sai ga Dije, tsohuwar mai dafa masa abinci, ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Ta rusuna masa, ta wuce, ta zura hannu bayan talabijin. Ƙas! Fitilun huɗu suka mutu.

“Dije! Me kika kashe?”

“Talabijin, Alhaji.”

“Talabijin ɗin da rabon da a kunna shi shekara biyu?”

“Ni dai Hajiya cewa ta yi da an kira salla a kashe shi daga bango, kada wani ya shagala. In an idar a mayar. Ba ta ce sai yana kunne ba.” Ta dube shi da mamaki. “Ko sau ɗaya ban fasa ba, Alhaji. Allah ya ji ƙanta.”

Faɗa ya taso masa. Wata uku yana zagin kamfani, ashe soket ɗaya akwatin yake sha da talabijin. Amma me zai ce? Matar nan ta riƙe maganar mamaciya fiye da yadda masu rai suke riƙe ta juna.

“Amin,” ya ce. “Je ki yi sallarki.”

Da ta fita, ya durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya zare fulogin akwatin ya kai shi soket ɗin da ke ƙarƙashin taga. Fitilun suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ya yi salla a nan falon, a zaune.

Yana sallamewa waya ta yi ƙara. Ba kira ba ne, saƙon murya ne.

“Abba, ina wuni. Na ga sabis ɗinku ba ya tsayawa, kuma kullum sai na koma aiki raina a ɓace. Na karɓi wani kwas da ake yi a lokacin hutun. Zan riƙa turo maka saƙo, ka saurara duk sanda ya samu. Ka sha maganinka.”

Ya danna wurin ɗaukar murya ya riƙe, yadda ta koya masa. “Nabiha, an gyara. Ni da kaina na gyara. Ba zai ƙara yankewa ba. Ki kira gobe ki gani.” Ya so ya ƙara wani abu, yatsansa ya zame, saƙon ya tafi haka.

Amsar ba ta daɗe ba, a rubuce ta zo.

“Madalla, Abba. Amma na riga na sa suna. Sai Lahadi in sha Allahu.”

Ya ƙirga a yatsunsa: Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Dije ta leƙo ta tambaya ko a kai masa tuwonsa ɗaki. Ya ce ta kawo nan.