Idon Kyaftin Linsford

Linsford yana goge tabarau ɗinsa da gefen riga, karo na uku ke nan, sai muryar Madam Idolly, mai jirgin, ta sauko masa daga kan gadar katako.

"Kyaftin, kada ka jira Delbert. Ya faɗi da babur da sassafe, ƙafa ta karye, yana asibitin Dangriga. Ga Sherlette nan, ita za ta bi ka yau."

Ya mayar da tabarau ya ɗaga kai. Abu biyu ya gani tsaye a kan gadar, ɗaya mai faɗi, ɗaya dogo. Mai faɗin ita ce Madam. Fuska kam bai ga ta kowa ba.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce.

Wata takwas ke nan da yanar ido ta rufe masa idon hagu. Na daman yana ɗan taɓukawa idan rana tana bisa kai, amma da zarar ta fuskance shi, duniya sai ta koma farin hayaƙi. Likita ya ce a yi aiki, an sa sunansa a layi, layin kuwa ba ya motsi. Shekara talatin da huɗu yana tuƙi daga Placencia zuwa tsibiran nan, ya san ranar da Madam ta ji labari, ranar zai koma zaman benci a gindin kwakwa tare da tsofaffin da ke wasan domino. Delbert kaɗai ya gaya wa. Shi ne idonsa. Idan sun iso mashigar Tsibirin Kaguwa, inda duwatsun murjani suke kwance ƙarƙashin ruwa, sai Delbert ya tsaya a goshin jirgi da ƙaton kwanson dodon-koɗi yana busawa. Busa ɗaya dama, biyu hagu. Baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta tafi, a zatonsu wasa ake yi musu.

Sherlette ta diro cikin jirgi ba ta ko riƙe igiya ba. 'Yar masunta ce daga Seine Bight, shekararta talatin da biyar, ta yi shekara uku da lasin tuƙi a jaka tana jiran wani tsoho ya gaji.

"Kyaftin, ina kwana. Na ji an ce ba ka son a taɓa maka sitiyari."

"An gaya miki gaskiya. Kwance igiyar baya."

Baƙi ashirin da shida suka shigo, har da yara biyu, duk sun shafe jiki da man rana suna ƙamshin kwakwa. Jirgin mai ciki biyu ne, kamar dogayen kwale-kwale guda biyu da aka haɗa da dandamali, ga raga shimfiɗe a tsakaninsu ta gaba inda ake kwanciya ana kallon ruwa yana wucewa ta ƙasa. Nan da nan ragar ta cika. Verna, mai girkin jirgin, ta fara zagayawa da jug ɗin giya mai lemo.

Faɗin teku ba ya ba shi tsoro. Ya ɗaga ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ya sunkuya kan kamfas mai nuna alƙibla har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, sauran kuma kuncinsa ya gaya masa. Amma duk tafiyar awa biyun nan mashigar ce a ransa. Da tsibirin ya fara bayyana kamar baƙin tabo, ya san lokaci ya ƙure masa. Sai dabara ta zo masa.

"Sherlette! Zo nan. Wannan lasin naki, ci kika yi ko saya?"

Ta zo ta riƙe ƙugu. "Kyaftin, da girmanka?"

"Hau gaba ki karanta min ruwan nan. Da ƙarfi, in ji. Kuskure ɗaya, Madam za ta ji."

Ta yi tsaki ta tafi. Ya sauke ƙyalle ya tayar da inji.

"Shuɗi sosai, wuce. Ruwan ƙasa-ƙasa a hagu, dutse ne, yi dama. Ƙara. Ciyawa ce wannan, ba komai. Hagu kaɗan."

Yana bin muryarta, yana gyaɗa kai kamar malami. Da ƙugiyar tsayar da jirgi ta kama yashi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ba laifi," ya ce mata.

"Ba laifi? Ubana ya koya min mashigar nan tun ina tsirara."

Baƙi suka zube cikin ruwa da tabarau na ninƙaya da bututun numfashi. Akwai wasu jiragen uku a gefe, kowanne da mutanensa. Linsford ya zauna a inuwa kusa da murhun da Verna take gasa kaza. Ta ɗora masa faranti a cinya, shinkafa da wake da aka dafa da madarar kwakwa, ga soyayyar ayaba a gefe.

"Kazar tana ta damanka," ta ce a hankali.

Ya tsaya da cokali a hannu.

"Lins, shekara ashirin ina zuba maka abinci. Tun watan azumin Ista kake laluben gishiri. Ka zaci ni ma makauniya ce?"

"Rufa min asiri, Verna."

"Na rufa wata nawa? Gaya wa yarinyar nan. Da safe rana ta taimake ka, da yamma a fuskarka za ta zauna."

"In gaya wa wadda take jiran kujerata? Yau ɗaya ce. Zan sake yi mata jarrabawa."

"Gobe fa? Ƙafar Delbert za ta haɗe ne kafin gobe?"

Abincin bai shiga ba. Ya zauna yana jin rana tana sauya wuri a kan wuyansa, tana gangarawa yamma, daidai inda hanyar gida take.

Ƙarfe uku saura aka kira baƙi. Sherlette ta ƙirga su, ashirin da shida. Ana cikin haka ƙaramin cikin yaran biyu ya ƙwala ihu, ƙayar teku ta shige masa tafin ƙafa tun a bakin ruwa, sai yanzu ta fara ci. Uwar ta rikice. Sherlette ta ɗauke shi ta kai shi bencin baya, ta buɗe akwatin magani.

"Sherlette, hau gaba," in ji Linsford.

"Kyaftin, ka ga abin da nake yi. Na ci jarrabawarka da safe, ta isa."

"To mu jira ki gama."

"Ƙaya tara ce. Ga hadari can yana haɗuwa a kudu, in mun ƙara rabin awa a hanya zai same mu. Kai da ka shekara talatin kana bin nan, ni za ka jira?"

Ya juya kudu. Bai ga hadari ba, amma ya ji iskar ta yi sanyi. Uban yaron yana tsaye kusa, yana jiran ya ga an tashi. Kalma uku kawai Linsford yake bukatar faɗa: ba na gani. Ya juya ya kama sitiyari.

Verna da wani baƙo suka jawo ƙugiya. Ya juya goshin jirgi yamma, rana ta daki fuskarsa, komai ya ɗauke. Ba ruwa, ba sama, ba ko ragar da ke gabansa, sai fari fat mai ƙyalli. Hawaye suka zubo ta ƙarƙashin tabarau.

Ya san hanyar. Ya gaya wa kansa ya san ta. Daga inda ake ajiye ƙugiya, inji a ƙaramin wuta, numfashi arba'in sai ka karya hagu. Ka ji ruwa yana fashewa a kan babban dutse ta damanka, ka miƙe. Ya fara ƙirgawa. A talatin da takwas ya ji fashewar ruwan, daidai inda ya kamata. Ya karya hagu. Jirgi ya bi lafiya. Zuciyarsa ta ɗan sauka, har ya ƙara wuta kaɗan. Duwatsu dai ba sa tashi daga inda Allah ya ajiye su.

Sai wata mata a kan raga ta kurma ihu. Wani ya kama, sannan duk gaban jirgin.

"Mutum! Mutum a ruwa!" Muryar Verna ce. "Lins, a gabanka!"

"Ina? Dama ko hagu?"

Ba wanda ya amsa masa, kowa ihu yake. In ya karya dama dutse ne, in ya karya hagu bai san ko kan mutumin zai hau ba. Farfela biyu suna juyawa a baya, ɗaya ƙarƙashin kowane ciki. Hannunsa ya kai kan sandunan inji ya fizge su tsakiya don farfela su daina juyawa. Kafin ya sake numfashi wani hannu ya dafe sitiyarin a kan nasa, mai ƙarfi, mai warin magani.

"Kada ka juya," in ji Sherlette. "Riƙe shi a miƙe. Tana tsakiya, za ta wuce ta ƙarƙashi."

Jirgin bai tsaya ba, nauyinsa yana tafiya da shi. Linsford ya ji ihun ya tashi daga raga ya biyo ta ƙarƙashin ƙafafunsa, mutane suna gudu zuwa baya. Wani abu ya bugi cikin jirgi ta ƙasa, ƙum, sau ɗaya. Daga nan shiru. Har yaron ya daina kuka.

Ya tsaya yana sauraro. A ransa yana ganin ruwan bayan jirgi ya yi ja.

Sai tari. Tari mai ƙarfi, da kakarin amai, sannan zagi cikin wani yare da bai sani ba, muryar dattijuwa, tana zazzaga shi ba ƙaƙƙautawa. Bai taɓa jin abu mai daɗin wannan zagin ba.

"Ta fito," in ji Verna. "Takalmin ninƙayarta ne ya bugu. Ta fito lafiya, Yesu na gode."

Baƙuwar wani jirgin ce, ta biyo kunkurun ruwa har cikin mashiga. Ƙaramin kwale-kwalensu mai inji ya zo ya tsamo ta. Mai tuƙa shi ya miƙe tsaye yana ɗaga murya.

"Linsford! Ga balan-balan ja a bayanta kamar kan saniya, tun daga nesa nake ɗaga maka hannu! Giyar baƙi kake sha ne, tsoho?"

Sherlette ta ɗaga wa mutumin hannu ta ba shi haƙuri, ta ce shi ma ya riƙa tsare mutanensa. Har yanzu hannunta yana kan sitiyari. Ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Ka tambayi dama ko hagu."

"Na tambaya."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya dubi inda muryar take. Inuwa ce kawai cikin fari.

"Ba na gani, 'yata. Wata takwas ke nan."

Ya ji ƙarar haƙoranta.

"Jarrabawar safe ke nan."

"Ita ce."

"Da yara biyu a jirgi. Kyaftin, da ka ce min..." Ba ta ƙarasa ba. "Matsa."

Ya matsa. Ya lalubi benci ya zauna kusa da yaron mai ƙaya, wanda Verna ta karɓi aikin ƙafarsa. Sherlette ta fitar da su daga mashigar ba tare da ta tambayi kowa komai ba. Hadarin ya bi ta bayansu ya wuce, yayyafi kawai suka samu. Kafin awa guda baƙi sun dawo da dariya, ana ta nuna wa juna hoton matar a waya, Verna ta sake cika jug.

Da ya ji ƙamshin hayaƙin gari da kiɗan mashayar bakin ruwa, ya san sun kusa. Inji ya rage wuta. Sherlette ta kira shi, ƙasa-ƙasa.

"Kyaftin. Madam tana tsaye a kan gada. Zo ka riƙe, zan tsaya kusa da kai in gaya maka. Maganar sai mu yi ta gobe, ni da kai."

Ya tashi ya je ya tsaya a gefenta. Ya ɗora tafin hannu a kan sitiyarin, wurin da katakon ya lotsa daidai yatsunsa. Rana ta sauka, har yana iya ganin gadar dishi-dishi, da abu mai faɗi tsaye a ƙarshenta. Zai iya shigar da shi. Ya sha yi.

Ya janye hannun.

"Kai shi da kanki. Ruwa yana ja hagu a nan in ya fara janyewa, ki ba shi dama tun da wuri."

"Za ta tambaya."

"Ni za ta tambaya," ya ce. Ya laluba ya nufi gaba, ya ɗauki igiya, ya tsaya yana jiran ta gaya masa lokacin jefawa.