Ruwan Tsamiya a Tukunyar Baba

Shekara uku da zuwan Nasara Kano, azumi ya faɗo cikin kaka, ni kuwa ina da zaren mutane jibge a ɗaki. A unguwarmu ta Ringim, in ana maganar rinin tukunya, to, Lauratu ake nufi, ni ke nan. Ina da kai, ba na musu.

Baba, wato shunin da muke rini da shi, ba ya son tsami ko kaɗan. Ruwan toka ke raya shi, mai santsi a yatsa, mai cizon harshe. Shi ya sa kullum sai na ɗanɗana kafin in zuba. Ran nan kuwa bakina da azumi. Ƙwarya biyu na ajiye a rumfa, ɗaya ruwan toka, ɗaya jiƙon tsamiyar kunu, duk ja-ja. Na suri ɗaya na juye a tukunya.

Da hantsi Iya Zinariya, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta shigo aron taɓarya. Ta leƙa tukunyar ta ce, “Kai, Lauratu, hannunki da albarka.”

Kafin la'asar kumfa ta kwanta. Na tsoma zare, ya fito fari-fari kamar an wanke shi. Tukunya ta mutu!

Ko mayafi ban ɗauka ba. Na tarar da Iya Zinariya a bakin rijiya, mata cike.

“Mayya! Kin lashe min tukunya, saura 'ya'yan mutane!”

Ta naɗe gugarta ta tafi.

Na dawo ina huci, na dama kunu da ƙwaryar da ta rage. Ana kiran magariba maigidana Barau ya kurɓa, ya furzar.

“Subhanallahi! Toka kika dama mana?”

Na ɗanɗana. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban iya cin komai ba.

Da safe na durƙusa gaban Iya Zinariya, kunya ta hana ni ɗaga kai.

“Iya, ni na zuba tsamiya da hannuna. Ki yafe min.”

“Na yafe, 'yar nan. Tashi, ƙasa da sanyi.”

Na bi gida-gida ina tona kaina, har na rantse. Suka ce to, Allah ya kyauta. Amma shekara bakwai ta ƙara a duniya, kuma duk sanda ta biyo lungu, ina kallo mata ke janye 'ya'yansu cikin gida.