Kiran Ƙarfe Bakwai da Minti Goma

Mako uku bayan rasuwar Dhanrupa Rokaya wurin haihuwa, kwamitin da ke sa ido kan tashin jirgin ceto na gundumarmu ya zauna. Ni ce mai rubuta bayanin taro. Ni ce kuma mai ɗaga wayar gaggawa da safe, tun da na gama jami'a a Surkhet aka ɗauke ni aiki. Na zauna a ƙarshen teburi, inda na saba.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauyen da mota ba ta zuwa, ungozoma za ta cike takarda, kansila ya buga hatimi, a turo mana hotonta ta waya, mu kuma mu kira jirgi mai saukar ungulu daga Nepalganj. Kuma kowa ya san jirgi ba ya shiga kwarinmu bayan sha biyun rana, saboda iska.

Junkali Budha, ungozomar ƙauyen su Dhanrupa, kwana biyu ta yi a ƙasa kafin ta iso. Aka ba ta kujera a bakin ƙofa. Takardar sallamarta daga aiki tana gaban shugaban kwamiti, Upadhyaya, saura sa hannu.

Aka kawo shayi da samosa. Kansila Birkha Bahadur ya fara bayani da cikakken baki. Ya ce lokacin tonon abin da ake kira yarsa ne, wato tsutsar nan mai tsada da ake tonowa a gindin ƙanƙara, kuma ƙauyen kaf ya haura dutse, har makaranta an rufe. Shi ma ya haura, da hatimi a aljihun ciki.

Likita Rawal ya tambaye shi me ya hana shi barin hatimin a gida.

"Haba likita, na bar wa wa? Matata? Ai kafin in sauko ta buga wa ƙannenta gonata."

Aka yi dariya. Ni ma na ji bakina ya motsa.

Upadhyaya ya jawo babban littafin ofis ya karanta: buƙatar ta iso ƙarfe sha ɗaya da minti hamsin, an kira jirgi sha ɗaya da hamsin da biyar, matuƙi ya ce iska ta riga ta taso. Ya ce ofis bai ɓata ko minti shida ba. Matar ta fara zubar da jini tun da gari ya waye, saboda haka tambaya ɗaya ce: me ungozoma take yi duk safiyar?

Junkali ta ce ta kira da sassafe. Ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba. Upadhyaya ya juya mata littafin, duk da daga inda take ba za ta iya ganin komai ba.

Littafin bai yi ƙarya ba. A ofishinmu ba a ba takarda lamba sai ta cika, kuma abin da ba shi da lamba bai iso ba. Haka na tarar, haka na koya a makon farko. Ranar, wayar ta yi ƙara bakwai da minti goma. Na ji muryar Junkali, na ji wata tana nishi a bayanta. Na ce, Didi, wato yaya, sai da hatimi. Mijin Dhanrupa ya haura dutsen da takardar a hannu, ya yi ta bin tantuna yana neman kansila. Ni kuwa na zauna ina kallon wayar. Na sha shayi sau biyu. Sararin sama garau yake har sha ɗaya. Washegari ba a buƙaci jirgi ba.

Ina ta neman abin da ya kamata in ji tun ranar, ban same shi ba. Ina cin abinci, ina barci.

Upadhyaya ya cire murfin biro.

"Yallaɓai," na ce. Bai ji ba, sai da likita ya taɓa shi. "Ta kira. Bakwai da minti goma. Ni na ɗaga."

"Bahini," ya ce, wato ƙanwa, "ba ya cikin littafi."

"Yana cikin wayar."

Na miƙa masa. Ya daɗe yana latsawa da yatsa ɗaya, tabarau a goshi. Kansila ya ajiye rabin samosarsa. Daga nan Upadhyaya ya tambaye ni me na ce mata, na faɗa masa. Ya tambayi kwamiti ko na saɓa ƙa'ida, kowa ya ce ban saɓa ba. Ya tambaya ko kansila ya saɓa, aka duba aka ga babu inda aka rubuta wurin da hatimi zai kwana. Ya ninke takardar sallamar ya tura ta ƙarƙashin fayil.

Sauran taron a kan hatimi ya ƙare. Likita ya so a ce kiran ungozoma kaɗai ya isa, Upadhyaya ya ce wannan sai daga Kathmandu, za a rubuta musu. Aka tsaya a kan a sassaƙo hatimi na biyu ga kowace mazaɓa, ya zauna a ɗakin shan magani. Mai sassaƙawa yana Nepalganj, zai ɗauki kamar wata ɗaya. Na rubuta duka, har da sunana a layin wanda ya ce a jira.

Na tarar da Junkali a matakala tana ɗaure igiyar takalmi. Ba ta yi mini godiya ba, ni ma ban sa rai ba. Ta ce jaririyar tana nan, ƙanwar Dhanrupa ke shayar da ita. Ta ce kansila zai koma dutse jibi, tonon tsutsar bai ƙare ba, ita kuma tana da mata uku da watansu ya kama.

"In na kira, wa zai ɗaga?"

"Ni."

"Me za ki ce mini?"

Na kalli igiyar takalminta. Ta tsinke a wuri biyu, an ƙulla.

"Ki kira dai, Didi."

Ta saɓa jakarta ta sauka. Na koma ciki na kwashe kofunan shayi, duk da ba aikina ba ne.