Watan da Albarka Ya Gani

Shekara ashirin mijina Albarka ne ke fara ganin watan azumi a Kambaza. In ya ce ya gani, Gwandu ba a musu. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, don ƙirar gwangwanin da yake yi ko gishirin miya ba ta kawowa.

Sai ido ya fara yi masa hazo. Bai gaya wa kowa ba sai ni. Ya je har Kalgo ya samo gilasan hangen nesa biyu wurin kukun wani Bature mai awon hanya, ya dawo ya yanka garewanin kananzir, ya naɗe, ya liƙe da dalma. Bututu ya fito kamu shida, ya ɗora shi a gwafa. Na ce, "Malam, wagga bindiga wa za ka harba da ita?" Ko kallona bai yi ba.

Bai samu gilasan sun zauna daidai ba sai da rana ta faɗi ran ashirin da tara ga Sha'aban. Ya leƙa, ya yi kabbara. Ni ma na leƙa, wallahi ga wata nan siriri. Ya hau jaki sai Gwandu.

Malamin da ke karɓar shaida ya yi masa tambayar da ake yi wa kowa: "Ina ƙahoni nai suka duba?"

"Ƙasa, Allah shi gafarta malam. Awa an kife ƙwarya."

Jinjirin wata dai sama ƙahoninsa ke dubawa, Albarka ma ya sani, amma abin da ya gani ya faɗa. Malam ya ce a hankali, "Tai gida ka huta." Aka cika Sha'aban talatin.

Da safe ya juya bututun ga giginyar bayan gida. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya matsa mini. Giginya ce kai ƙasa, gindi sama. Ashe haka abin ke nuna komai.

Na ce ya koma ya yi bayani. Ya ce, "Zulai, in ce musu mi? In ce idona ya mutu?"

Tausayinsa ya kama ni. Da watan Salla ya zagayo, maza suka taru a kan tudu suna duban yamma. Ba wanda ya aiko kiransa.