Huɗubar Mamuda ta Waya

A ƙaramin asibitin da ke kan hanyar Paki, kowa ya san wayar Sista Zubaida, mai karɓar haihuwa. Tsohuwar aba ce mai fasasshen gilashi, an naɗe bayanta da salatif, amma ba aikin da ba ta yi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki, ita ce tocila. In hannu ya ɓaci, sai a cusa ta cikin hijabi, a manne da kunci, a ci gaba da magana. Babban aikinta kuwa huɗuba. Mazan yankin da yawa suna kudu, wasu sun bi motocin tumatir, wasu suna acaba, kuma ba uban da yake so wata murya ta riga tasa shiga kunnen ɗansa. Da an yanke cibiya sai Zubaida ta kira uban, ta ɗora wayar a kunnen jariri, shi kuma ya yi kiran salla daga inda yake. Har alfahari take da abin, kuma gaskiya ba mai ganin laifinta.

Haka ta yi wa Mamuda yana Fatakwal. Matarsa Mukarrama ta haifi namiji bakwaini, ɗan mitsitsi. Zubaida ta daɗe riƙe da wayar a jikinsa, don da Mamuda ya gama da kunnen dama sai ya ce a juya masa na hagu. Kafin ranar suna jikin yaron ya yi zafi, ya ƙi kama nono, ya koma. Aka ce kwana ne ya ƙare, Zubaida ma haka ta ce.

Bayan wani lokaci sai ga Lucia, wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji daga Zariya, ta zo bincike. Ta bi wayoyin ma'aikata tana shafa musu auduga a tsinke, ana ta yi mata tsiya, wai yau waya ce ba lafiya. Ranar da ta dawo da sakamako ta ja Zubaida gefe, ta nuna mata hoton wani ɗan faranti. Abin da ya tsiro a kai kamar funfuna a kan tuwon da aka manta.

"Daga wayarki ne, Sista. Irin wannan ƙwayar cuta in ta shiga jinin jariri, musamman bakwaini, da ƙyar take jin magani."

Zubaida ta ba ta labarin ɗan Mamuda, ta tambaye ta ko ita ce.

"Ba wanda zai iya ce miki ita ce," in ji Lucia a hankali. "Ni kuma ba zan iya ce miki ba ita ba ce."

Da ma a ce Lucia ta ce ita ce, da Zubaida ta san abin da za ta yi kuka a kai. Tun daga ranar wayar ba ta ƙara shiga ɗakin haihuwa ba, kullum tana cikin durowa, an goge ta da sifirit har fentinta ya koɗe. Amma in Zubaida ta kara ta a kunci ta ji ɗuminta, sai ta tuna ɗumin yaron. In ladan ya kira azahar, muryar Mamuda take ji, siririya, da ƙarar motoci a bayanta. A kasuwar Ikara in ta haɗu da matar da ta karɓi haihuwarta, bayanta take fara leƙawa kafin fuskarta. Tsoro take ji ta ga ba goyo.

Da damina ta yi tsaka aka sake kawo Mukarrama, da hantsi. Namiji ne kuma, shi ma ba wani girma. Ana gama gyara shi wayar ta hau ruri a cikin durowa.

"Sista, barka da aiki, ya ƙoƙari? Allah ya saka da alheri. A sa min a kunnensa kamar wancan karon," in ji Mamuda.

Zubaida ta tsaya a bakin ƙofa, ta saka wayar a sifika. "Malam Mamuda, ɗaga murya, yana jin ka."

"Sista, ki matso mana," in ji Mukarrama. "Daga can ina zai ji?"

"Zai ji."

Ba ta ƙara ko taku ba. Mamuda ya yi kiran salla, muryarsa ta cika ɗakin, matar da ke gadon gefe ta daina nishi. Yaron ya motsa yatsunsa.

"Ya ji kuwa?" in ji Mamuda.

"Ya ji."

Sai ya ce, "Sista, ban taɓa yi miki godiyar da ta kamata ba. Wancan da ya koma, ban gan shi ba, ban ɗauke shi ba. Abin da yake sanyaya min rai kawai shi ne wayarki ta taɓa jikinsa da muryata a ciki. Duk sallar da na yi sai na sa ki a addu'a."

Zubaida ta buɗe baki, amin ɗin ya ƙi fitowa.

"Allah ya raya wannan," ta ce.

Ta mayar da wayar cikin durowa, ta wanke hannu da sabulu, ta sake wankewa, sannan ta koma ta ɗauki yaron.