Hayaƙin Masana'antar Sabulu

Injinan masana'antar sabulu sun yi shiru tun makon jiya, amma bututun hayaƙinta bai huta ba. Mai Tukunya ya san dalili, don shi ke jefa tsoffin katakai da yagaggun buhuna cikin wuta, ƙarƙashin tukunyar da babu komai a cikinta sai ruwa.

"Kai dai hura," in ji Manaja, yana toshe hanci da hankici. "Masu hannun jari ido gare su. Ranar da suka ga bututun nan ya mutu, kowa zai ruga ya sayar da nasa, farashi ya faɗi warwas. Sai mu ga wanda zai biya ka albashi."

"Yallaɓai, yaushe man da za a yi sabulun zai iso?"

"In ya iso ai za ka gani."

Abin da ke cin Mai Tukunya a rai Yayarsa ce. Bara da mijinta ya rasu, ta sayar da shagonsa ta zo neman shawara wurin ƙanenta, shi kuwa ba ya raina kansa wajen iya magana. Ya ce mata hannun jari guntun kamfani ne mutum ke saye: in an ci riba a ba shi rabonsa, in an karye ya karye tare da su. Wannan na ƙarshen da sauri ya faɗe shi, kamar mai haɗiye magani. Ta zuba kuɗin shagon a hannun jarin masana'antar. Da ta ce ita ba ta gane rahoton da kamfani ke fitarwa, sai ya nuna mata bututun ta taga. "Ki riƙa duban hayaƙi, Yaya. Muddin yana tashi, dukiyarki na aiki." Shi ma 'yar ajiyarsa can ya zuba, inda albashinsa ke fitowa.

Da aka tashi aiki ya nufi gidanta, ya ƙudura zai ce ta sayar tun kafin gari ya farga. Tsoro yake ji, don Yaya ba ta riƙe magana, kuma matan unguwa da dama sawunta suka bi. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ya gwammace ta ji daga bakinsa.

Yana shiga ɗaki idonsa ya sauka kusa da taga. Inda keken ɗinkinta yake tsayawa babu komai, sai shatin ƙafafunsa a kan siminti.

"Yaya, ina keken?"

"Na sayar, auta." Fuskarta cike da fara'a. "Dillalin hannun jari ya ce farashi ya sauka, wai wasu sun fara tsorata, in yi hattara. Na ce masa ƙanena ke hura wutar wurin, wa zai gaya mini? Na leƙa taga, na ga yau hayaƙin har ya fi na kullum kauri. Sai na ƙara saye."

Ya dubi baƙaƙen hannuwansa. Ta kawo buta ta tsiyaya masa ruwa, baƙin toka na gangarowa daga yatsunsa cikin kwano.

"Allah ya yi maka albarka. Gobe ma ka hura da kyau."

Ya ce amin. Katakan da suka rage a bayan masana'anta ba za su kai ƙarshen mako ba.